Yadda Bajapane Mai Koyon Turanci Zai Saba da Kalmomin Yau da Kullum

Ɗalibin da ya bi tsarin karatun ƙasar Japan daga firamare har ƙarshen babbar sakandare ba ya fita da ƙarancin kalmomin Turanci. Tsarin da Ma'aikatar Ilimi ta fara aiwatarwa a 2020 ya sa yara su fara ɗanɗana Turanci tun daga aji 3, ya mayar da shi cikakken darasi a aji 5 da 6, kuma ya tanadi cewa kafin ɗalibi ya kammala sakandare zai haɗu da kalmomi tsakanin 4,000 da 5,000. Wannan adadi ya ishi mutum ya yi doguwar hira a kan kusan duk abin da ya shafi zaman duniya. Duk da haka, wanda ya san ma'anar "postpone" da "investigate" a takardar jarrabawa yakan yi turus idan baƙo ya ce masa "put it off" ko "look into it", alhali babu kalma ko ɗaya a cikin waɗannan da bai koya ba tun yana ƙaramar sakandare.

Saboda haka aikin da ke gaban irin wannan ɗalibi ya bambanta da wanda ya saba yi. Littattafan haddar kalmomi da ake gani a hannun ɗalibai cikin jiragen ƙasa, irin su Target 1900, waɗanda ake rufe amsoshinsu da jan filastik don mutum ya gwada kansa, an tsara su ne domin jarrabawar shiga jami'a, kuma suna biyan wannan buƙata. Sai dai sun fi koyar da kalma ɗaya a gefen ma'anarta ta Japananci, yayin da hirar yau da kullum take tafiya a kan 'yan kalmomi ƙalilan masu fuskoki da yawa, kamar "get" da "take" da "make" da "put" da "have". Jerin New General Service List, wanda Charles Browne na Jami'ar Meiji Gakuin da ke Tokyo da abokan aikinsa biyu suka fitar a 2013, kalmomi kusan 2,800 kacal ya ƙunsa, amma su ne ke cika fiye da kashi 90 cikin 100 na rubutun Turanci na gama-gari. Mai koyo ya riga ya san mafi yawansu da ido. Abin da ya rage masa shi ne ya san da wa kowace take tafiya, yadda take fita a baki, da wurin da ya dace a faɗe ta.

Kalma da abokan tafiyarta

Abin sha'awa shi ne, nazarin kalmomin da ke tafiya tare domin amfanin masu koyo a Japan ɗin ya kafu. Harold Palmer, wani malami ɗan Ingila da ya isa ƙasar a 1922 a matsayin mai ba Ma'aikatar Ilimi shawara, ya kafa cibiyar binciken koyar da Turanci a Tokyo a 1923, kuma a 1933 cibiyar ta fitar da rahoto mai ɗauke da dubban haɗe-haɗen kalmomi waɗanda, a ganinsa, dole ne a koye su a dunƙule, domin ba a iya ƙera su daga ma'anar ɗaiɗaikun kalmomin. Abokin aikinsa A. S. Hornby ya ɗora a kan wannan tushe, shi da wasu malamai biyu suka haɗa ƙamus ɗin da kamfanin Kaitakusha ya buga a Tokyo a 1942, wanda daga baya ya zama ƙamus ɗin Oxford na masu koyo da ake amfani da shi a duk duniya. Matsalar da suka gani a wancan zamani ita ce har yau take kama ɗalibi.

Bajapane yana "shan" magani a harshensa, ko da ƙwaya ce, don haka bakinsa yakan tafi ga "drink medicine", alhali Bature "take medicine" yake cewa. Yana "ganin" mafarki, Bature kuwa "have a dream" yake yi. Ruwan sama a wurinsa "mai ƙarfi" ne, a Turanci kuwa "heavy rain". Wani lokacin ma lamarin juyewa yake yi: Japananci yana da aikatau daban ga riga, daban ga wando da takalmi, daban ga hula, daban ga tabarau, wato "kiru" da "haku" da "kaburu" da "kakeru", amma Turanci ya haɗe su duka, sannan ya raba su ta wata hanyar da Bajapane bai zata ba, inda "put on" ke nufin lokacin da ake sakawa, "wear" kuma kasancewar abu a jiki. Haka nan babban mutum da ya fassara "asobu", wato yin wasa, ya ce "I played with my friends" ya faɗi maganar yara, domin manya "hang out" ko "go out" suke yi. Idan an kira mutum daga wani ɗaki, Bajapane cewa yake "yanzu zan tafi", Bature kuwa "I'm coming".

Babu wata ƙa'idar nahawu da za ta fitar da mutum daga wannan, sai dai ya sauya abin da yake ɗauka a matsayin kalma ɗaya. Duk lokacin da ya tsinci suna, ya rubuta shi tare da aikatau ɗin da ya zo gabansa; duk lokacin da ya tsinci aikatau, ya rubuta shi da ɗan harafin da ya biyo bayansa da kuma irin abin da aikin ke faɗawa a kai. Kada ya rubuta "appointment" shi kaɗai, ya rubuta "make an appointment" da "cancel my appointment". Wannan ɗabi'a tana da wata riba ta biyu: da yake Japananci ba shi da kwatankwacin "a" da "the", kuma ba ya tilasta bambanta tilo da jam'i, wanda ya haddace "take a shower" da "do the dishes" a dunƙule ya tsallake tunanin da ke sa shi in'ina a tsakiyar jimla.

Game da aikatau masu ɗan rakiya irin su "pick up" da "run out" da "turn down", yawansu yakan tsorata mai koyo, amma bai kamata ba. A 2015 Mélodie Garnier da Norbert Schmitt sun fitar da jerin guda 150 da suka fi yawan fitowa, tare da ma'anonin kowanne da aka fi amfani da su, kuma wannan ya isa aikin shekara. Sai dai a kula da wani kuskure da masu ƙwazo suka fi faɗawa: zama a rana ɗaya a haddace "get on" da "get off" da "get over" da "get by" a jere. Paul Nation na Jami'ar Victoria da ke Wellington, ɗaya daga cikin manyan masana wannan fanni, ya daɗe yana gargaɗin cewa abubuwa masu kama da juna idan aka koye su lokaci guda cakuɗewa suke yi a ƙwaƙwalwa. Ya fi kyau a ware shafi ga "get" a littafi, a bar shi ya cika da kansa a cikin watanni, duk lokacin da aka ci karo da sabon amfani a cikin magana ta gaske.

Wajen bincike kuma, ƙamus ɗin Japananci zuwa Turanci na intanet yakan jero fassarori goma ba tare da ya nuna wadda mutane ke faɗa a gida da wadda ta tsaya a takardun kotu ba. Ya dace a sa masa mataimaki. Ƙamus ɗin Longman na masu koyo yana bayyana kowace kalma da kalmomi kusan 2,000 masu sauƙi, yana kuma nuna yawan amfani da ita a baki da a rubuce. Wanda ke shakkar ko ana faɗin wani abu yana iya duba rumbun COCA na Mark Davies, mai kalmomi fiye da biliyan 1 na Turancin Amurka, ko ya rubuta jimlar a shafin intanet na YouGlish ya ji ta daga bakin mutane daban-daban.

Tarkon katakana

Japananci ya ari dubban kalmomi daga Turanci, yana rubuta su da baƙaƙen katakana, kuma wannan jari ne babba ga mai koyo. Amma a cikin jarin akwai jabu, abin da Japanawa ke kira "wasei-eigo", wato Turancin da aka ƙera a Japan. "Manshon" a can gida ne a cikin bene mai gidaje da yawa, amma wanda ya gaya wa Bature yana zaune a "mansion" ya ce masa a katafaren gidan attajirai yake. "Konsento" soket ne na lantarki, "handoru" sitiyarin mota, "kanningu" satar amsa a jarrabawa, "kuremu" ƙorafin mai saye, "baikingu" abincin ɗebi-da-kanka, "sumato" kuma siririn jiki. Babu ɗaya daga cikinsu da zai isar da saƙon idan aka mayar da shi Turanci kai tsaye. Wasu ma ba daga Turanci suka fito ba: "arubaito", aikin ɗan lokaci, daga Jamusanci yake, "pan", burodi, daga harshen Fotugal.

Maganin wannan mai sauƙi ne, sai dai yana son haƙuri. Mai koyo ya ɗauki mako guda yana rubuta duk kalmar katakana da ya faɗa ko ya gani a gida da wurin aiki, sannan ya duba kowace a ƙamus na Turanci zalla, ya raba su gida uku: waɗanda ma'anarsu ta dace, waɗanda ta karkace, da waɗanda babu su sam. Gida na biyu ne mai haɗari, domin mai sauraro zai fahimci wani abu daban kuma ba zai tambaya ba.

Ɓarnar katakana ta fi girma a wajen sauti. Japananci yana da wasula 5, kusan kowane baƙi yana jan wasali a bayansa, kuma kowace gaɓa tana ɗaukar lokaci daidai da 'yar'uwarta. Kalmar "strike", wadda gaɓa ɗaya ce a Turanci, takan zama su-to-ra-i-ku, bugu biyar. Turanci kuwa yana danna gaɓa ɗaya da ƙarfi ya haɗiye na kusa da ita, shi ya sa "What do you want to do?" ke fita daga bakin Ba'amurke kamar kalma biyu ko uku. Wanda ya ajiye kalma a ƙwaƙwalwarsa da sautin katakana ba zai gane ta ba idan ta wuce ta kunnensa, ko da ya san ta shekara goma. Don haka kada a taɓa rubuta katakana a saman kalmar Turanci don tunawa da furucinta. A ja layi ƙarƙashin gaɓar da ake dannawa, a saurari jimlar, a maimaita ta da murya kafin a rubuta ta. Batun "r" da "l", kamar a "right" da "light" ko "correct" da "collect", shi ma yana gyaruwa: binciken da Logan da Lively da Pisoni suka buga a 1991 ya nuna cewa Japanawa manya suna ƙara iya bambance su idan aka horar da kunnensu da muryoyin mutane da yawa.

Inda za a samo kalmomin, da yadda za a riƙe su

Kalmomin yau da kullum suna shiga ne ta yawan haɗuwa da su a cikin abin da mutum ke fahimta. A Japan akwai hanyar da ake kira "tadoku", karatu mai yawa, wadda Sakai Kunihide ya yaɗa da ƙa'idoji uku: kada a buɗe ƙamus, a tsallake inda ba a gane ba, a ajiye littafin da ya gundura a ɗauki wani. Hanyar tana aiki ne kawai idan littafin ya yi sauƙi sosai, har ya zama kalma ɗaya ce kacal a cikin 50 baƙuwa, wato mai karatu ya san kashi 98 cikin 100. Littattafai masu hawa-hawa irin na Oxford Bookworms don haka aka yi su. Babban ma'aikaci yakan ji kunyar a gan shi da littafin da ya yi kama da na yara, amma a cikin irin waɗannan ne "turned around" da "picked it up" ke maimaituwa har su zauna.

Ta fuskar saurare, darussan Turanci a rediyon Japan sun faro tun 1925, shekarar da aka fara watsa shirye-shirye a ƙasar, kuma har yanzu shirin Rajio Eikaiwa na NHK, gidan rediyo da talabijin na ƙasar, yana zuwa na minti 15, da ɗan littafinsa na wata-wata a shagunan littattafai. Gajartarsa ce amfaninsa. Wasannin talabijin na zaman iyali da na ofis ma suna da kyau, muddin an ɗauki yanki na minti biyu ko uku, an kalle shi da fassarar Japananci, an sake da rubutun Turanci, sannan an bi muryar mai magana a baya-bayansa kamar inuwa, dabarar da masu koyon tafinta suka saba da ita. Daga kowane yanki jimla biyu ko uku sun isa. Labaran duniya ba su cika biyan wannan buƙata ba, domin harshensu na rubutu ne da ake karantawa. Haka kuma a yi hattara da salon maganar matasa da ashar da ke cikin finafinai: a fahimce su, amma a jinkirta faɗarsu, domin suna tsufa da wuri kuma baƙo ba ya saurin gane iyakarsu.

Abin da aka tsinta yana buƙatar bita. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mafi yawan mantuwa a farko-farko take faruwa, kuma manhajoji irin su Anki an gina su ne a kan dawo da katin bita daidai lokacin da abin da ke kansa ya kusa ɓacewa daga ƙwaƙwalwa. Muhimmin abu shi ne abin da aka rubuta a katin. A fuskarsa a sa yanayi da Japananci, misali "abokin aiki ya gayyace ka cin abinci, kana da wani alƙawari", a bayansa kuma jimlar Turanci cikakkiya, "I'd love to, but I already have plans", kuma a faɗe ta da murya kafin a juya. Sababbin katuna biyar a rana waɗanda za a iya faɗa sun fi talatin da za a iya ganewa kawai.

Fitar da su a baki

Hanya mafi arha ta gano giɓi ita ce mutum ya riƙa bayyana wa kansa abin da yake yi da Turanci, tun daga tashi barci har zuwa tashar jirgi. Cikin minti biyar wanda ya ci maki 800 a jarrabawar Turanci ta TOEIC zai iya gano cewa bai san yadda ake cewa ya makara a barci ba, ko jirgi ya cika maƙil, ko ya wuce tasharsa, ko madara ta ƙare, ko zai fitar da shara: "I overslept", "the train was packed", "I missed my stop", "we're out of milk", "take out the trash". Waɗannan giɓa-giɓai su ne ainihin darasinsa, kuma sun fi kowane jerin da wani ya shirya, domin daga rayuwarsa suka fito. Ya rubuta su a waya nan take, ya bincika da dare.

Don sakin harshe akwai atisayen da ake kira 4/3/2: a ba da labari ɗaya cikin minti 4, a sake shi cikin 3, sannan cikin 2, ga masu sauraro daban-daban idan da hali, ko ga na'urar ɗaukar murya idan babu. Sharaɗinsa shi ne kada a sa sabuwar kalma; manufar ita ce tsofaffin su riƙa fitowa ba tare da an nemo su ba.

Darussan hira ta intanet, irin na RareJob da DMM Eikaiwa, yawanci na minti 25 ne, da malamai da dama daga Filifin, kuma sun sauƙaƙa samun abokin magana kullum. Amma mai koyo yakan ɓata su da hirar da ya riga ya iya. Ya shiga kowane darasi da jimloli uku da ya ƙudura sai ya yi amfani da su, ya kuma sauya tambayar da yake yi wa malami. Idan ya tambaya ko jimlarsa daidai ce, malami mai kara zai ce daidai ce, domin nahawunta bai karye ba. Idan kuwa ya ce "How would you say it?", zai ji yadda ɗan gari ke faɗa, kuma da ɗan gari akan ci gari. A wajen darasi ma dama ta yawaita, tun da baƙi fiye da miliyan 36 ne suka ziyarci Japan a 2024, mai aiki a konbini, wato ƙaramin kantin unguwa, ko gidan abinci yana iya shirya jimloli goma na aikinsa, irin su "Do you need a bag?" da "Would you like this heated up?", ya maimaita su sau da yawa a yini guda.

Saura batun ladabi, inda a ganina kuskure ya fi tsada. Bajapane ya taso a harshe mai matakan girmamawa da aka tsara a cikin aikatau, kuma sau da yawa an gaya masa cewa Turanci ba shi da irin wannan, abin da ba gaskiya ba ne. Sa "please" a gaban umarni bai hana shi zama umarni ba. Roƙo "Could you" ko "Would you mind" ne. "You had better", wadda ɗalibai da dama suka haddace a matsayin shawara mai laushi, tana ɗauke da gargaɗi, har ta yi kama da barazana idan aka faɗa wa na gaba. "You might want to" ita ce mai laushin. A ɗaya gefen kuma, Bajapane da ya ce abu "yana da wuya" ya riga ya ƙi, amma Bature da ya ji "It's difficult" zai ɗauka ƙofa a buɗe take, ya fara kawo dabarun warware wahalar; wanda ke son ƙi cikin mutunci ya koyi "I'm afraid we can't". Gaisuwa irin su "yoroshiku onegaishimasu" da "otsukaresama" ba su da takwara guda, don haka a bar neman fassararsu, a duba lokutan da ake faɗarsu ɗaya bayan ɗaya, a yi wa kowane lokaci katinsa: "Nice to meet you" a haɗuwar farko, "Thanks in advance" a ƙarshen saƙon neman alfarma, "I look forward to working with you" a farkon aikin haɗin gwiwa, "See you tomorrow" kuma lokacin tashi daga ofis.